Hankakan Gadar Katako

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da duk ma'aikatan cibiyarmu ta nuna wa ɗalibai halittun tafki. Ya ƙafar Inna? Ki hana ta hawa matakala da bokiti, ni dai na faɗa har na gaji. Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ta yi min maraba satin farko. Ɗakin da makarantar da na zo ƙarin karatu ta ba ni ɗan mitsitsi ne, gado da tebur da taga mai kallon bango. Wata tara zan yi ina kallon bango, ni da na saba buɗe ido in ga tafki.

Sau huɗu ina kiranki. Kin san sabis ɗin bakin ruwa, sai mutum ya hau tudun tanki ya ɗaga waya sama. Shi ya sa na koma takarda. Direban da ke kawo muku kaya duk sati biyu zai riƙa kai miki tawa, ya karɓi taki.

Tunda ke kika gaji aikina, ki riƙe darasin zaman shiru da kyau. Ki jera ɗalibai a kan gadar katako, cikin ciyawar ruwa, kowa da takarda da fensir. Minti goma ba magana, su rubuta duk abin da kunnensu ya kamo. Na san shirun minti goma ke zai fi wahalarwa, ba su ba. Bayan nan ki rataye lasifika a dirkar ƙarshe, ki kunna kukan kazar ruwa, ta fito su gan ta.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kukan nan Antinki, marigayiya matata, ita ce ta ɗauke shi, shekarar da muka buɗe cibiyar. In kika bar shi ya kai ƙarshe za ki ji ta tana ce wa yaran ranar, "Ku yi shiru, ga ta nan zuwa." Ba mu da muryarta a ko'ina sai nan. Kin san ba ta son a ɗauke ta, wayarta kuma ta faɗa ruwa tun kafin ta kwanta ciwo. Shekara biyu da rasuwarta, kowace safiya ina barin sautin ya kai wurin kafin in kashe. Da gangan na bar miki na'urar ɗaukar sautin, na ce in na zo nan zan koyi zama ba ita. Auta, na kasa. Ki sa a kwafa min a wani katin ajiyar sauti ki aiko. Kullum sai in ce gobe zan kwafa, har na tafi ban yi ba.

Ki gaishe da Inna da Baba mai kwale-kwale.

Yayanki.

*

Yayana na kaina,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Inna ta ce in gaya maka ƙafarta ta fi taka ƙwari, kuma ka sha ruwan zafi. Ta sa na karanta mata gaisuwarta har sau uku, sauran kuwa ban karanta mata ba.

Aiki na tafiya. Motar makaranta biyu muke karɓa a rana. Jiya wata malama ta zo da dogon takalmi, ya maƙale tsakanin katakai, da ƙyar muka ciro ta, ita da shi. Yaran sun ga zalɓe ya haɗiye kifi, wata ta fashe da kuka wai kifin yana kallonta. Kuma don ka sani, minti goman nan ina yin sa cif, bakina a rufe, sai ka nemi wani abin tsokanar.

Maganar na'ura, ta ɗan ba ni matsala, Yaya. Kusan sati uku ke nan ban kunna lasifika ba. Ina kan neman yadda za a yi, ka ƙara min haƙuri.

Amma akwai abin da nake so in faɗa maka, kada ka ce na fara surutuna. Duk yamma ina karanta takardun sauraron yara kamar yadda ka koya min. Kwaɗi, iska, jirgin sama, cikin wane yana ƙugi, irin waɗannan dai. Ranar Litinin wata yarinya ta rubuta: "mace tana magana a cikin ciyawa." Na ce ko ni ta ji. Talata, wata makarantar daban, yara uku: "wata mata ta ce mu yi shiru." Alhamis mutum bakwai. Makarantun nan ba su san juna ba, Yaya, ɗaya ma tafiyar awa biyu ce. Kuma duk waɗanda suka rubuta na can ƙarshen gada ne. Ni ina baya wajen gaɓa ina lura kada wani ya zame, ban ji komai ba. Na tambayi yarinyar Alhamis wace mata ce, ta ce, "Mai murya mai daɗi, kamar tana dariya a ciki."

Na ajiye takardun a durowarka. Ban san yadda zan faɗa ba, amma Anti tana nan tare da mu a gadar nan.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Auta,

Salama da gaisuwa. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Murata ta sake ni.

Matsalar na'ura batir ne, ba wani abu ba. Murfinsa ya saki, ki naɗe shi da roba. Wannan bai hana a ciro kati a kwafa ba, aikin minti biyar ne a kwamfutar ofis. Na buɗe ambulan ɗinki ina zazzagewa ko kati zai faɗo, har abokin ɗakina ya tambaye ni ko lafiya.

Yara kuwa suna leƙen takardar juna, malamai ma suna ba juna labari. Na san don ki kwantar min da hankali kika ce tana tare da ku, Allah ya saka miki. Amma ba lallashi nake nema ba. Antinki tana inda Allah ya ajiye ta, addu'a take bukata. Ni katin kawai nake so. Haba Auta, abu ɗaya na roƙe ki.

Yayanki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma ba ciwon jiki ba ne. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ba batir ba ne. Na goge. Tun kafin takardarka ta farko ta iso na goge, na rasa bakin faɗa. Wai ni mai dabara, na ƙirƙiro sabon darasi, yara su ɗauki kukan kwaɗi da kansu. Na'urar ta nuna ta cika, ta yi min wata tambaya, yara talatin suna turereniya a kaina kowa na "ni, ni," na danna na amince ban karanta ba. Kwana biyu muna ta ɗauka a kai. Na kai wa mai gyaran waya a gari, ya wuni a kanta, ya ce da ban ɗora wani abu ba da ya ciro, amma yanzu ta tafi. Na yi kuka a shagonsa har ya ba ni kujera. Ka zage ni, ka ce kada in ƙara kiranka Yaya, duk na cancanta.

Sai dai ka karanta sauran, don Allah.

Abin da yaran ke rubutawa ya hana ni sakat. Shekaranjiya na fita da sassafe kafin mota ta zo, ni kaɗai. Tururi na tashi a kan ruwa, katakai sun jiƙe da raɓa. Na je ƙarshen gada na zauna na rufe ido kamar ɗaliba. Can sai na ji kukan kazar ruwa. Amma Yaya, da wannan shuuu ɗin na lasifika a ƙarƙashinsa. Lasifika kuwa tana ofis, na kulle ta da hannuna, makullin na aljihuna. Kukan ya tafi har ƙarshe. Sai ta yi magana.

Innalillahi. Ita ce. Yadda take jan "shiru" ɗin nan, da 'yar dariyar da ke maƙale a ƙarshe. Na ci gaba da saurare, ido a rufe. Bayan ta gama sai na ji ƙas, ƙarar maɓalli. Bayan ƙas ɗin kuma wani dogon numfashi na namiji, irin na wanda ya sauke kaya. Naka ne, Yaya. Ban taɓa sanin kana yin sa ba, amma ina ji na gane.

Da na buɗe ido, hankaka ne zaune a kan dirkar da kake rataye lasifika. Kai ma ka san shi, mai guntun yatsa, wanda ke tsintar ragowar abincin yara. Ya karkata kai yana kallona da ido ɗaya. Maƙogwaronsa kawai ke motsi. Kuma kazar ruwan ta fito, wallahi, ta fito ta tsaya tana dube-dube.

Ashe duk shekarun nan yana zaune a saman kanka yana ji. Ya riƙe ne bai taɓa fitarwa ba, sai da lasifika ta yi shiru.

Na gaya wa Baba mai kwale-kwale. Ya yi a'uziyya, ya ce shi daga yau ta ɗaya gefen zai riƙa ɗaure jirginsa. Ni ma tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Na san tsuntsu ne, ina ganinsa da idona, amma in ya buɗe baki sai na waiga baya. Duk da haka zan ɗauko maka ita daga bakinsa, ko zan shekara a gadar nan.

Mai laifi,
Auta.

*

Auta,

Salama. Ina fata Inna lafiya. Wannan ita ce takarda ta uku da na rubuta miki. Biyun farko na yayyaga su, don abin da ke ciki bai dace ya fito daga ɗan'uwa ba. Kafin in huce har direba ya wuce, ke nan sai bayan sati biyu za ki ga wannan. Na yi fushi, ba zan ce ban yi ba. Kwana uku ban shiga aji ba. Amma shekara biyu katin na hannuna ban kwafa ba, wa zan ɗora wa wannan?

Numfashin nan ban san yana fita fili ba. Bari mu bar shi.

Yanzu ki buɗe kunne. Na je wurin malaminmu na halayyar tsuntsaye, na ba shi labarin kamar na wani ne. Ya ce hankaka yana iya wannan, ba abin tsoro ba ne. Amma ya ce ba ajiya yake yi kamar na'ura ba. Abin da ya daina ji yana sakinsa a hankali, abin da yake ji yanzu kuma yana ɗora shi a kan na da, har na dan ya ɓace.

Saboda haka kada kowa ya faɗi kalmomin nan kusa da gada. Ko malamai, ko yara. Ke musamman, don ke mace ce, kuma kin san yadda take faɗa. In za ki tsawatar wa yara, ki ɗaga hannu kawai. Ki ɓoye na'urar a ƙarƙashin katako tun kafin ya sauko, ki kunna, ki bar wurin. Ko sati zai ɗauka ki yi haƙuri. Kada ki taya shi, Auta. Na san halinki na son taimako, wannan karon ki danne.

Yayanki, wanda har yanzu Yayanki ne.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Direba ya zo ya juya hannu, ba takardarka. Na gane. Ban ga laifinka ba. Inna ta tambaya, na ce mata jarrabawa ce ta sha maka kai. Tana gaishe ka. Ni zan ci gaba da rubutowa ko ba ka amsa ba.

Hankakan nan ɗan rainin wayo ne. Da ya gan ni da na'ura sai ya yi gum. Ya matso, ya leƙa ta, ya zauna yana jira, wai ita ce za ta fara. Kwana biyar muna zaman kallon-kallo. Abin da ya fi tayar min da hankali, ranar da na je ba na'ura ya yi, sai na ji muryar Anti ta fara lalacewa. "Zuwa" ɗin ƙarshe ya koma ƙaa irin nasu. Washegari dariyar ma babu. Kamar ina tsaye ina kallon ta tana sake tafiya, Yaya, kaɗan-kaɗan. Na koma ofis na kifa kai a teburinka.

Sai Allah ya kawo mafita. Ranar Laraba wasu 'yan aji huɗu suka ishe ni da hayaniya, na juya na ce, "Ku yi shiru!" Kafin in rufe baki, daga saman dirka aka ƙarasa min: "ga ta nan zuwa." Wata yarinya ta riƙe min zane. Ni kuwa daɗi ya kama ni. Ashe tunatarwa yake so!

To yanzu kullum da safe kafin mota ta zo ina zuwa in tuna masa. Ina faɗa yadda take faɗa, in ja "shiru" ɗin, in saka 'yar dariyar. Na yi ta gwadawa a banɗaki har na iya. In na faɗa ya amsa, in sake ya sake, wani lokaci sau ashirin. Wallahi Yaya kullum ƙara fitowa take tas. "Zuwa" ya dawo, dariyar ta dawo. Jiya na juya baya ina tafiya ya faɗa, sai da na ce "Na'am, Anti," ban sani ba.

Yau kwana goma sha ɗaya da farawa. Ya fara sabawa da jakata, zan ɓoye na'urar a ciki. Ka ga, na ɓata, amma ga shi ina gyarawa.

Taka,
Auta.

*

Yaya,

Salama. Kowa lafiya. Yau direba ya miƙo min takardarka, na karanta a tsaye a bakin mota. Da na zo inda ka rubuta maganar malaminku sai na zauna a ƙasa, nan cikin ƙura. Direba ya ɗauka rasuwa aka yi.

Safiya ashirin da biyar na yi ina faɗa masa.

Shekaranjiya na samu na ɗauka, ta fito sarai, ba iska ba hayaniya. Na kwafa a wuri uku wannan karon. Tun ɗazu nake saurara a ofis, direba yana jirana a waje yana danna oda. In na ji sau ɗaya sai in ce ita ce. In na sake sai in yi shakka. Kunnena ya daina gaya min gaskiya, na rasa wa zan tambaya. Inna ba zan iya kunna mata ba.

Ga katin nan, na naɗe shi a takarda na manne a ƙasan wannan. Kai ne mijinta. Kai za ka sani.

Auta.

*

Ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, kuma kina cin abinci, don na san ki in abu ya dame ki. Ki gaishe da Inna. Na gama jarrabawar zangon farko, da sauƙi.

Kati ya iso ranar Asabar da rana. Na rufe ƙofa, na zauna a bakin gado, na sa abin ji a kunne. Kukan kazar ruwa yana nan daidai. Ƙas ɗin maɓalli yana nan. Numfashin ma na ji shi, Allah ya shirya wannan tsuntsu.

Muryar taki ce, Auta.

Kin iya, ban taɓa zaton kin lura da ita haka ba. Jan kalmar nata ne, dariyar ma a wurinta kika sa ta. Amma ke ce. Tun kina rarrafe na san muryarki, akwai wani ɗan kaushi da kike da shi tun ciwon wuyan da kika yi kina ƙarama. Har shi hankakan ya ɗauka.

Kada ki ce ke kaɗai kika yi. Da ban zauna ina yayyaga takardu ba, da gargaɗina ya iso kafin abin ya yi nisa. Mu biyu muka taru a kan abin nan, kowa da nasa son. Kada ki kori tsuntsun, kada ki bar aikin. Ki ɗauki sabon kukan kazar ruwa ki ci gaba da kai yara, su ba ruwansu.

Akwai abu ɗaya da na yi ta shawarar ko in faɗa miki, na ga in ban faɗa miki ba, ba ni da wanda zan faɗa wa. Na saurari katin nan fiye da yadda ya kamata. Ban ƙirga ba, har batir ya mutu. Ina ta nema ko akwai ɗan ragowarta a ƙarƙashin taki, ko a harafi ɗaya ne. Da na cire abin daga kunne na ce ba komai, ai tana cikin kaina, shekara tara muna tare. Na rufe ido in tuno yadda take kirana daga kicin, yadda take gaishe ni in na dawo. Maganganun duk suna nan, ba wadda ta ɓace. Fuskarta ma tana nan, ina ganin bakinta yana motsi. Amma kwana huɗu ke nan, duk abin da ta faɗa min, da muryarki take faɗa.

Ki yi mata addu'a. Ni ma ki sa ni a ciki.

Yayanki.